Awon da Mai Sikeli Ya Kuskure

Da Mai Sikeli ya san abin da ya ƙunso a baƙar ledar nan shi ne zai kwantar da 'yarsa, da tun a hanya ya wurga ta a kwata ya koma gida hannu rabbana. Amma bai sani ba. Murna ma yake yi. Yana tafe yana matse ledar a hammata kamar wanda ya ɗauko kayan sata, zuciyarsa tana gaya masa yau ya yi wa yarinyar nan abin da uwa take yi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran sikeli a bakin kasuwa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Da ido yake kallon buhu ya faɗi nauyinsa, da wuya ya kuskure. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'yansa maza biyu suna can nesa wurin neman abinci. Sai Auta, wadda ta dawo gabansa wata takwas da suka wuce, bayan mijinta ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da ciki wata biyar.

Ranar da aka kawo jaririyar daga asibiti, tawul ya shimfiɗa a kan tsohon sikelin da ke tsakar gida ya ɗora ta. Allura ta tsaya cak a kan uku. Tun daga ranar babu mai kiranta da wani suna sai Kilo Uku, ko da yake yanzu ta ninka haka.

Haka ya riƙa auna uwarta ma tana ƙarama. Duk farkon wata Marigayiya za ta tsaya a ƙofar kicin tana dariya.

"Malam, 'ya ce fa, ba buhun gishiri ba."

Shi kuma ya rubuta lambar da alli a bayan ƙyaure. Har yau lambobin suna nan, bai yarda an yi wa ƙyauren fenti ba.

Abin da ya kai shi ga ledar kuwa, igiyar shanya ce. Wata safiya ya fito zai tafi shago, idonsa ya faɗa kan rigunan mama guda biyu da Auta ta shanya a lungu, bayan tankin ruwa. Duk sun saki, robar ta mutu, ɗaya ma da fil aka riƙe igiyarta. Ya kawar da kai da sauri, amma abin ya bi shi har shago.

Da uwarta tana raye ai da ba a kai ga haka ba. Marigayiya da hannunta take ɗinka nata duk lokacin da take goyo, da farin yadi mai laushi, ta ciro maɓallan rigunansa ta jera a gaba. Sau nawa ya ɗauko riga zai sa ya tarar babu maɓalli ko ɗaya, ya yi ta faɗa, ita kuma ta nuna jaririyar da ke cinyarta ta ce, "Ka tambayi 'yarka, ita ta cinye su."

To, yaya uba zai dubi 'yarsa ya tambaye ta lambar da take sawa? Bakinsa ba zai iya ba. Sai ya yi dabara irin tasa. Ya buɗe akwatin ƙarfen Marigayiya, ƙanshin kafur da tsohon turarenta suka buge shi har sai da ya zauna a bakin gado. Ya ɗauko wata rigar mama da ke sama-sama, ya ninke ta a takarda, ya hau mota zuwa wani babban kanti a ƙarshen gari, inda babu wanda ya san shi. Ya miƙa wa yarinyar kantin, idonsa yana kan bango.

"Daidai wannan. Guda uku. Masu kyau."

Ta ba shi masu kyau kuwa: masu soso, masu leshi, masu lanƙwasasshen ƙarfe a ƙasa. Ya dawo ya rataye ledar a hannun ƙofar Auta, bai ce komai ba. Washegari da ta zo gaishe shi ta daɗe a durƙushe.

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Abu biyu ya manta. Marigayiya 'yar ƙarama ce, Auta kuwa tsayinsa ta ɗauko. Kuma rigar da ya kai ta shekarar ƙarshe ce, lokacin da ciwo ya riga ya cinye matarsa.

Gwaggo, yayarsa da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta fara lura da yadda yarinyar take numfashi sama-sama. Maimakon ta tsawatar, sai ta yaba.

"Yawwa! Haka ake so. A ɗaure tamau, ruwan ya ja baya, jiki ya koma mazauninsa. Mace mai shirin shiga gidan babban mutum ba ta yawo tana tsiyaya kamar fasasshen tulu."

Mai Sikeli yana jin su daga tsakar gida. Har daɗi ya ji, ya ɗauka sayayyarsa ake yabo.

Babban mutumin shi ne Manaja, shugaban kamfanin sabulun da Auta take aikin liƙa takarda a jikin kwalaye. Mutum ne mai ladabi, mai mota, sun daɗe da rabuwa da matarsa. Ta hannun Gwaggo ya biyo, kuma duk zuwan da zai yi sai ya sauke katan ɗin madarar gwangwani. Sharaɗinsa ɗaya ne, bai ɓoye ba: a yaye Kilo Uku da wuri, a bar ta wurin Gwaggo, don shi ba ya jure kukan jariri. Mai Sikeli ya yi ta jan ƙafa, Gwaggo ta yi ta sintiri safe da yamma, har ran nan ya gaji ya ce to. Aka tsayar da cewa ranar Asabar manyan Manaja za su zo.

Da ya tambayi Auta, kai ta sunkuyar.

"Duk abin da kuka gani, Baba."

Wannan amsar ce take hana shi sukuni, domin ya san lokacin da Auta take da baki. Shekara huɗu da suka wuce, a wannan tsakar gidan, ta yi kuka har muryarta ta dushe saboda Dogo.

Dogo ɗan wata mai rumfar kayan mata ne a layi na uku cikin kasuwa. Da uwar ta samu shanyewar ɓarin jiki, shi ya bar makaranta ya riƙe rumfar. Yaro ne mai natsuwa, wanda in zai shigo gaisuwa tun daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi. Amma ranar da ya zo da kawunsa kan maganar aure, Mai Sikeli miƙewa ya yi tsaye.

"Ni in ba da 'yata ga ƙaton namijin da yake wuni yana ɗaga rigar mama sama yana kiran ciniki? In an tambaye ni sana'ar surukina in ce me?"

Dogo ya miƙe. Ya sa takalminsa ya fita. Bayan shekara biyu Auta ta auri wani malamin makaranta, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Mai Sikeli kuwa tun daga ranar bai sake bin layi na uku ba. Sikelin kowa ya lalace a can, sai dai a ɗauko a kawo masa shago.

Kwana goma sha biyu bayan ledar, ranar Litinin da hantsi, yana cikin kwance sikelin wani mahauci wayarsa ta yi ƙara. Matar Kafinta ce, maƙwabciyarsu da Auta take barin jaririyar a wurinta in za ta tafi aiki.

"Baba, ku zo ƙaramin asibiti. Zazzaɓi ya kayar da Auta a wurin aiki."

Bai san ya fito da sukundireba a hannu ba sai da ya isa.

Nas ɗin da ta fito masa tsohuwar ma'aikaciya ce, ita ta karɓi haihuwar Auta kanta shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Ta fito riƙe da abu a yatsu biyu kamar mushen ɓera, ta girgiza shi a gaban fuskarsa.

"Malam, wane marar imanin ne ya saya wa mai goyo wannan?"

Ya kalli leshin, ya kalli ƙasa.

"Ni ne."

Ta zauna kusa da shi a kan benci.

"Kai ne? Allah sarki. Ka ga wannan ƙarfen? Ga shi rigar ta yi mata kaɗan, ga shi ƙarfen ya danne hanyar ruwan nono. Ya taru ya yi ƙulli, ya kumbura, shi ya kawo zazzaɓin. Da ka ga shatin a jikinta, kamar an ɗaure ta da waya. Na ce ke wace irin wawiya ce, me ya hana ki cirewa? Ta ce Baba ne ya saya, ni ban ma yarda ba."

Mai Sikeli ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

"Za ta tashi," in ji Nas. "Na ba ta magani, da la'asar za ku tafi gida. Amma kada wanda ya hana ta shayarwa, ko yayar taka ce. Shayarwar tana cikin maganin. Ungo." Ta miƙa masa guntuwar takarda mai lamba biyu. "Na auna ta da kaina. Ka je layi na uku, rumfar Dogo. Duk masu ciki da masu goyon da suka biyo ta hannuna can nake tura su."

"Babu wani wurin?"

"Akwai mana. In kana so ka dawo mini da ita jibi."

Layi na uku bai canza ba. Rufin kwanon nan mai yoyo, mai zaren nan, mai gyaran zif ɗin nan da yake gyangyaɗi a kan kekensa. Ya wuce rumfar sau biyu kamar mai neman wani wuri. A na uku ya tsaya.

Dogo ya ƙara cika, ya ajiye ɗan gemu. Kayan suna cikin kwalaye a jere, kowanne da lambarsa da ya rubuta da hannu. Yana ganin mai zuwan ya miƙe ya rusuna, kamar jiya suka rabu.

"Baba, ku ne da kanku? Sannu da zuwa. Ga kujera."

"A'a, sauri nake yi. 'Yar maƙwabcina ce ba ta jin daɗi, aka aiko ni."

Ya miƙa takardar. Dogo ya duba lambobin.

"Ciki ne da ita ko goyo?"

"Goyo."

"Wata nawa?"

"Huɗu da kwana tara."

"Tana zuwa aiki?"

"Tana zuwa. Da injin tatsa take tafiya, irin mai batir ɗin nan. Hutun rabin awa suke ba su, a ɗakin kwalaye take ɓuya, hannu biyu a riƙe da abin, ko loma ba ta samu ta kai baki. Abincin da na ga ta fita da shi, shi nake ganin ta dawo da shi. Shi ya sa duk ta zube, ni da ido na san ta yi asarar kilo huɗu tun..."

Sai a nan ya ankara da abin da ya faɗa.

Dogo ya sunkuyar da kai, yana ƙoƙarin danne murmushi.

"Baba, maƙwabcinku ai Kafinta ne. 'Ya'yansa biyar, duk maza."

Mai Sikeli ya zauna a kujerar da ya ƙi ɗazu.

"Me ya same ta?" Murmushin ya riga ya gudu daga fuskar Dogo.

Ya gaya masa duka, tun daga igiyar shanya har zuwa bencin asibiti. Bai rage komai ba, har akwatin Marigayiya. Yana jira a yi masa dariya, domin ya san ya cancanta. Dogo dai juyawa ya yi ya fara sauko da kwalaye.

"Wannan ta yini ce, guda uku na sa: ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a shanya. Ku taɓa ku ji, Baba, ba ta cizo. Auduga ce, babu ƙarfe, babu soso. Igiyar kafaɗa mai faɗi ce don kada ta yanke ta. Kun ga wannan maɓallin na sama? Da hannu ɗaya ake ɓalle shi, tun da ɗayan yana riƙe da jariri. Ƙugiyoyin baya layi huɗu ne, ta saki ko ta ɗan ja yadda jikin ya so. Mai goyo ba ta tsayawa a lamba ɗaya, safiyarta daban, yammacinta daban. Ku ce in ta sa ta zura yatsu biyu a ƙarƙashin robar. In ba su shiga ba ta matse, a dawo da ita in canza."

Ya buɗe wani kwalin.

"Wannan kuma ta wurin aiki ce. Tana da tsaga a gaba, bakin injin yake shiga ya zauna da kansa. Hannunta biyu sun huta. Sai ta ci abincinta."

Mai Sikeli ya karɓa yana jujjuyawa, kamar yadda yake yi wa sikelin da bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ɓalle maɓallin, ya mayar, ya sake ɓallewa.

"Mahaifiyarta da maɓallan rigata take yin irin wannan."

"Inna ma da hannu ta fara ɗinkawa, kafin na kanti su zo. A gindin kekenta na koyi komai."

Bara Innar Dogo ta rasu. Ya ji a ranar. Har ya sa hula ya kai bakin layi na uku, sai ya juya ya koma shago.

"Ban zo maka gaisuwar mahaifiyarka ba."

"Ba ku zo ba, Baba."

"Maganar da na faɗa maka a gidana..."

"Ni ba ta dame ni sosai ba. Na saba, abokaina ma har yau tsokanata suke yi." Dogo ya ci gaba da ninke kayan, bai ɗago ba. "Amma Kawu ya kai wa Inna ita yadda kuka faɗe ta, bai rage ko kalma ba. Tana kwance ba ta iya ɗaga hannu, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta, ni nake share mata. Ta ce sana'arta ce ta hana ni mata. Har ta rasu tana neman gafarata. Ita da ta ciyar da mu shida da rumfar nan."

Mai Sikeli ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mutumin da ko a ranar rasuwar matarsa sai da ya shiga ɗaki sannan ya yi kuka, yau ga shi a tsakiyar kasuwa, tsakanin kwalayen rigunan mama, hawaye yana bin gemunsa.

"Ba ni da inda zan same ta in roƙe ta. Kai ka rage. Ka zo gida ranar Alhamis da la'asar. Ba aike ba, kai da ƙafarka. Abin da na hana ka, yau ni nake roƙonka."

"Na ji an ce Manaja..."

"Wannan nawa ne, ba naka ba."

Dogo ya daɗe yana ƙulle bakin ledar, ya kwance, ya sake ƙullewa.

"Watan jiya Kawu ya nuna mini wata. Na ce ya ba ni lokaci. Ban sani ba, Baba, wallahi ban sani ba. Sau ɗaya na shiga gidanku da wannan maganar, har yau ina jin sanyin simintin a tafin ƙafata."

Ya miƙa ledar da hannu biyu.

"Ku dai ce ta ci abinci."

Da la'asar aka dawo da Auta gida. Wannan karon bai rataye komai a hannun ƙofa ba. Ya yi sallama, ya ajiye ledar a bakin gadonta, ya koma bakin ƙofa ya ba ta baya, ya fara karantowa da ƙarfi kamar ɗalibin da aka tsayar a gaban aji.

"Ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a shanya. Maɓallin sama da hannu ɗaya. Yatsu biyu a ƙarƙashin roba. In ba su shiga ba a mayar. Mai tsagar ta wurin aiki ce, kuma an ce ki ci abinci."

Duk da zazzaɓin sai da dariya ta ƙwace mata.

"Baba, wa ya ba ku wannan haddar?"

Ya ji ƙarar leda, ya ji an ɗauko kwali. Sai dariyar ta yanke. Ya san lambar da ke jikin kwalin ta gani, kuma ta san rubutun.

"Ina kuka samo waɗannan?"

"Layi na uku."

Ya juyo. Ta rungume kwalin a ƙirji, hawaye yana zuba babu sauti.

"Auta, kwana goma sha biyu. Me ya hana ki gaya mini suna matse ki?"

"Baba, tun da Mama ta rasu babu wanda ya taɓa lura da shanyata. Da na buɗe ledar nan na ga tsohuwar rigarta a ƙasa, a ninke a takarda, kun manta ba ku cire ba. Na ji ƙanshin akwatinta. Na san inda kuka samo awon, na san abin da kuka ji kafin ku buɗe akwatin. Da wane bakin zan ce muku bai yi ba?"

Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, inda yake zama yana yi mata fifita tana ƙarama in zafi ya hana ta barcin rana.

"To, Manaja fa? Shi ma haka kike sanye da shi, don ni na ce to?"

Ta fashe da kuka sosai.

"Na ga kun gaji, Baba. Na ga Gwaggo ta hana ku sakat, na ga kun tsufa kuna dafa wa mai jego ruwan zafi. Na ce bari in tafi ku huta. Amma duk sanda na kalli katan ɗin madarar nan sai in ji kamar ana zare mini hanji. Yarinyar nan ba ta san ubanta ba, kuma a ce ni ma in ba ta baya?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na taɓa faɗa, Baba. A tsakar gidan nan."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa masu baƙin mai.

"Na ce masa ya zo Alhamis."

"Wa?"

"Kin san wa."

"Baba!" Ta dafe ƙirji, ta yamutse fuska don ciwon. "Ba Autar da ya sani ba ce yanzu. Bazawara ce da goyo, ko madubi ba na son kallo. Me zai yi da ni?" Ta share ido da gefen zane. Can ƙasa-ƙasa, kamar ba ta so a ji, ta ce, "Ya ce zai zo?"

"Bai ce ba."

Washegari tun da safe ya je kamfanin sabulu da kansa, ya ba Manaja haƙuri, ya mayar masa da katan uku na madara a bayan babur. Manaja ya saurare shi har ƙarshe, ya ce babu komai, amma bai miƙa masa hannu ba da zai fita.

Kafin azahar labari ya kai wa Gwaggo. Ko sallama ba ta yi ba.

"Kai, Mai Sikeli, kanka ɗaya kuwa? Ni za ka tozarta? Mutumin da na yi wata biyu ina lallaɓawa?"

"Yaya, ki zauna."

"Ba zan zauna ba! Aikin yarinyar nan a hannun wa yake? Ka yi tunanin wannan?"

"Na yi."

"Duk saboda mai rigar mama? Kai da bakinka ka kore shi, ina zaune a nan a kan turmin nan!"

"Ni da bakina, Yaya. Shi ya sa na je ni da ƙafata."

"To, ya ce yana so?"

"Bai ce ba."

Ta tsaya tana kallonsa baki buɗe, sannan ta tafa hannu.

"Ka saki mai mota ka kama wanda bai ce ba! Ni na goya ka a bayan nan, amma ban san wawa na goya ba. Ba ni ba gidan nan."

Ta ja mayafinta ta fita. Ya bi ta har titi yana kiran Yaya, Yaya, ba ta waiwayo ba.

Ranar Alhamis bai buɗe shago ba. Zazzaɓin Auta ya sauka tun Laraba, kumburin ya saki, Kilo Uku tana tsotso har da gumi a goshi. Ya share ƙofar gida sau biyu, ya yayyafa ruwa, ya fito da benci. Da Auta ta kawo masa ruwan sha ya lura ta sa kwalli, abin da bai gani a idonta ba wata takwas. Ya yi kamar bai gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta sa ba.

La'asar ta yi. Inuwar katangar Kafinta ta tsallako titi ta hau ƙafarsa. Duk dogon mutumin da ya ɓullo daga kwana sai ya yunƙura zai miƙe, sai ya ga ba shi ba ne, ya koma ya zauna. Daga cikin gida yana jin ƙarar labulen tagar Auta, ana ɗagawa ana saki.

Ya rasa Manaja, ya rasa yayarsa, watakila ranar Litinin 'yarsa ta rasa aiki. Duk wannan ya sani. Abin da bai sani ba shi ne ko Dogo zai zo.